Wa Zai Tuna da Mai Riƙe Tuta?

Kawuna ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe wa jirgin feshi tuta a gonakin audugar Jazira, a ƙasar Sudan. Aikin da sauƙin faɗa. Ka tsaya a ƙarshen nimra, wato filin nan mai fadan 90 (fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka) da aka yanka wa manoma hawasha-hawasha, riƙe da doguwar gora mai farin ƙyalle a kai. Matuƙi ya auno ka tun daga ɗaya ƙarshen, ya taho ƙasa-ƙasa har kana hango fuskarsa, ya saki magani, ya bi ta bisa kanka ya ɗaga. Kafin ya juyo ka ƙirga taku zuwa gefe ka sake tsayawa cak. In ƙirgenka ya kuskure, wani layin ya sha magani sau biyu, wani bai samu ko ɗigo ba, tsutsa ta cinye shi, mai hawasha ya tashi a tutar babu.

Ina yaro a kambonmu, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, kudu da Wad Madani, ni ake aika in kai masa shayi da hantsi. Yakan daka mini tsawa tun daga nesa: "Tsaya can bakin ruwa, ɗan nan, kada ka matso!" Sai jirgi ya tafi shan mai yake zuwa ya karɓa. Hularsa a jiƙe, jallabiyarsa na wani wari mai hawa kai, wanda ya sa Inna, matarsa, ba ta taɓa haɗa ta da kayan yara a wanki. Matuƙin da ya fi daɗewa da shi mutumin Folan ne. Kawu ba ya jin yarensa, shi ma ba ya jin Hausa, Larabcinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Amma in an gama nimra lafiya yakan karkata fukafukai sau biyu, kawu ya ɗaga masa tuta sama. Iyakar hirarsu ke nan, kaka bayan kaka.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne, tun da filin jirgin Khartum ya tsaya ranar 15 ga Afrilu 2023, hirar jirage ta dawo bakin dattawanmu da yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Na kuma karanta abin da wasu tsofaffin matuƙa 'yan ƙasashen waje suka rubuta na zamansu a Sudan. Rubutu ne mai daɗi, cike da habub, wato hadarin ƙura, da guguwa da sauka a filin da babu kwalta. Sai dai duk inda aka zo kan mutumin da ke ƙasa, sai ka ga an ce "wasu mutanen ƙauye", an wuce. Ni kuwa ra'ayina shi ne ƙaramin jirgi bai taɓa yin aiki a ƙasar nan da ƙwarewar matuƙi kaɗai ba. Rabin aikin a ƙasa yake, a hannun mutanen da ba a rubuta sunansu ba, kuma da yawansu namu ne.

Tun farkon lamarin ma hanyar jirgi ta bi sawun hanyarmu. Jiragen da suka fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925 guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar suka biyo ta Khartum, Ubayyid, Fashir, suka ratsa ƙasar Chadi zuwa Maiduguri. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa da jakuna, su suna fuskantar gabas, masu neman Makka da kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana turo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Khartum, har Alƙahira, dubbai daga cikinsu. Kowane zango sai an sare itace, an tone kututture, an daddale ƙasa, an mirgino gangunan mai. A Jinaina na zauna da tsofaffin da suka ce iyayensu da kuɗin wannan aikin suka haɗa guzurin ƙarasawa Sawakin, tashar ruwan da alhazai ke tsallakawa zuwa Makka.

Sudan Airways kanta da ƙananan jirage ta fara. An kafa ta a 1946 a ƙarƙashin hukumar jirgin ƙasa, ta fara tashi a 1947 da jirage ƙirar Dove waɗanda ba su kai motar haya ta yau ɗaukar mutane ba. Dalili a fili yake. Ƙasar da kafin 2011 ta kusa murabba'in kilomita miliyan biyu da rabi, wadda dogo bai kai Nyala ba sai 1959 kuma har yau bai leƙa Fashir ko Jinaina ba, ba ta da wata dabara in damina ta sauka. Wanda bai taɓa ganin baƙar laka ta kama lori ba zai ɗauka ƙari ake yi. Mota takan nutse har akuskura, direba da yaransa su kafa bukka a gefe su dafa asida, su jira rana ta yi aikinta. A Darfur kuma kwari ne ke tare hanya. Wadi Azum in ya kawo, sai a yi kwanaki ana kallon juna daga gaɓa zuwa gaɓa.

A can ne na ga ɗaya rabin labarin da idona. Na yi shekara uku ina ma'ajin kaya a wata ƙungiyar agaji a yammacin Darfur, bayan da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara jigilar ma'aikatan agaji a 2004. Garin da aka tura ni yana da fili na jar ƙasa wanda bai cika kilomita ɗaya ba. Mai kula da shi wani dattijo ne Bahaushe, asalin iyayensa Haɗeja, kowa Baba yake ce masa. Da an idar da asuba sai ya ɗauki sandarsa ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan, yana caka ta a ƙasa. Inda sanda ta shiga fiye da ɗan yatsa biyu sai ya tsaya, ya danna da diddige, ya duba ko ruwa zai taso. Ya kori jakuna, ya cike ramin da gara ta yi cikin dare, ya tsince ƙaya da ƙasusuwa. In an ji ƙugin jirgi sai ya kunna ɗanyar ciyawa a gefe don hayaƙi ya nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Matuƙin yakan fara wucewa ƙasa-ƙasa sau ɗaya ya duba, sannan ya zagayo ya sauka, amma kafin ya baro Jinaina ma sai an faɗa masa ta oba-oba abin da Baba ya ce.

Wata ranar Agusta aka kwana ana ruwa. Akwai wata mace da naƙuda ta tsaya mata kwana biyu, ungozoma ta ce sai an yi aiki, mu kuma muna da jirgin Cessna Caravan da zai kawo magani. Dangin matar suka cika bakin fili, har da wani mai faɗa a ji na garin. Aka matsa wa Baba lamba ya ce fili ya yi. Ni ma na je na ce, "Baba, don Allah a duba, rai ne." Ya kama hannuna ya ja ni tsakiyar filin, ya caka sandar, ta shige kamar cikin tuwo. Ya ce, "Ɗana, in na ce ya zo, tayar gaba za ta kafe a nan, ya kife. Ka ga an rasa ita, an rasa kabtin, an rufe filin har ƙarshen damina." Ya tara samari aka yi ta jidar tsakuwa da yashi a buhu tun hantsi har magariba, aka gyara inda ya fi laushi. Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi ta rage wa jirgi ƙarfin ɗagawa, ya ce a faɗa wa kabtin ya zo. Aka ɗauke ta. Jaririn bai zo da rai ba, ita kuwa ta rayu, na gan ta bayan wata biyu tana tallar gyaɗa a kasuwa. Albashin Baba a wata bai kai kuɗin gangar mai ɗaya ba.

Ba ina cewa zamanin nan duk alheri ne ba, kuma duk mai ba da labarin jiragen Sudan ya tsallake gawawwaki bai yi adalci ba. Mataimakin shugaban ƙasa Zubair Muhammad Salih a jirgi ya rasu a Nasir cikin Fabrairu 1998. Ƙaramin ministan tsaro Ibrahim Shamsuddin ya bi a Afrilu 2001. A Agusta 2012 jirgin haya ya daki dutse kusa da Talodi da mutum 32, ciki har da ministan harkokin addini Gazi Sadiƙ, suna kan hanyar gaisuwar Sallah. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya toshe kayan gyara, ya tura kamfanoni ga tsofaffin Antonov na zamanin Tarayyar Sobiyet, har Tarayyar Turai ta hana jiragen Sudan shiga samaniyarta a 2010. Amma takunkumi bai ɗauke laifin kwaɗayi ba. Da idona na ga ma'aikatan wani kamfanin haya sun cusa buhunan sukari a bayan kujeru bayan an gama awo an sa hannu, matuƙi yana can yana shan shayi bai sani ba. Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo: a duwatsun Nuba da Darfur da Kudu, yaro in ya ji ƙugin Antonov rami yake nema, domin da irinsa aka yi ta jefa bom. Feshin nan ma da kawuna ya yi wa hidima ya bar baya da ƙura. Yawan maganin ya kashe ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu, farin ƙuda ya samu sarari ya addabi audugar Jazira a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin da ya ɗauki kawu bai taɓa ba shi ko abin rufe hanci ba, kuma da tarin da bai rabu da shi ba ya koma ga Allah.

To me ya rage da za a ɗauka? Tun da sojoji suka karɓe filin jirgin Khartum a Maris 2025, maganar sake gini ta karkata kan manyan filaye da manyan jirage. Wannan ya zama dole, ban musa ba. Sai dai matar da ke naƙuda a bayan kwari ba Airbus take jira ba. Masu cewa a bar zancen ƙananan jirage a zuba kuɗin a kwalta suna da hujja mai ƙarfi, domin hanya ta kowa ce, jirgi kuwa na mutum goma ne. Amma mun ga shekarun da hanyar Inƙaz ta yamma ta ci kafin ta kai Fashir. Kafin kwalta ta iso kowane gari, damina nawa za a yi, mace nawa za a binne? Filin ƙasa mai kilomita ɗaya ba ya buƙatar komai sai motar gireda sau ɗaya a shekara, da oba-oba, da mutum irin Baba wanda ake biya albashin da zai riƙe shi. Masu tsoron cewa irin waɗannan filaye ta nan makamai ke shigowa zinariya ke fita, su ma gaskiya suka faɗa. Amsar ita ce filin da hukumar jiragen sama ta yi wa rajista, da sikeli a bakinsa, da littafin da ake rubuta kowace sauka, da mutanen gari da suka san mai kula da shi, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda aka share a ɓoye cikin daji.

Aikin tuta ya mutu, na'urar tauraron ɗan'adam ce ke ja wa jirgin feshi layi yanzu, kuma na gode wa Allah da babu ɗan wani da zai sake tsayawa a ƙarƙashin guba. Amma na'urar ba ta san ko laka za ta ɗauki taya ba. Wannan ilimin yana kan tsofaffin da yaƙi ya raba da garuruwansu, kuma kullum sai mun ji an yi jana'izar ɗaya.

Mu Hausawan Sudan muna da wani dalilin na kanmu. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Rusairis da Damazin cikin Yuli 2022 ya san har yanzu akwai masu kallonmu a matsayin baƙin da suka zo jiya. In ana jayayya irin wannan mukan kawo noman Jazira da dawar Gadarif, mu manta da filayen jirgi. Ina roƙon samarinmu da ke jami'o'i da masu ƙungiyoyin unguwa: wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban dattijon da ya taɓa mirgina ganga, ko riƙe tuta, ko gadin fili. Ku tambaye shi sunan wurin, da shekarar, da nawa ake biyansa, da yadda ake gane mai ya sha ruwa, da ranar da ya ce wa matuƙi kada ya sauka.

Ni na makara da kawuna. Da na tashi wannan rubutun na buga wa 'ya'yansa waya ɗaya bayan ɗaya ina tambayar taku nawa yake yi tsakanin layi da layi, babu wanda ya riƙe. Inna ce ta karɓi wayar daga Kasala, muryarta na rawa, ta ce ashirin da biyu ne, domin ko bayan ya bar aikin takan gan shi a tsakar gida yana takawa yana ƙirgawa a hankali.