Dattijon shanu ya rasu a Tekzas, turkensa bai tashi ba

Makon jiya aka binne wani dattijo a nan Amarillo, arewacin jihar Tekzas ta Amurka, wanda ya kusa shekara arba'in yana shugabantar wani kamfanin kiwon turke. Daren Lahadi ya cika. Da asubar Litinin motar abinci ta bi layin kwami a daidai lokacinta, an auna shanun da za su tafi mayanka, an biya direbobi. A wurin gaisuwa wani ma'aikacinsa ya tambaye ni yadda harkar babban falken shanu take kasancewa a garinmu idan ya mutu. Tambayar ta yi mini zafi, domin na san amsarta, ku ma da kuke Kano kun sani.

Wurin kiwon nasu fili ne shimfiɗaɗɗe, an yanka shi da shingen ƙarfe, kowane shinge da shanu ɗari zuwa ɗari biyu, ga dogon kwamin siminti a gaba. Wuri ɗaya yakan ɗauki shanu dubu talatin, wani ma ya haura dubu hamsin. Ɗan bijimi yana shigowa da nauyin kilo 300 zuwa 350. Ranar da ya sauka daga mota za a ɗora shi a sikeli, a maƙala masa lamba a kunne, a yi masa rigakafi, a ba shi maganin tsutsa. Bayan kwana 150 zuwa 200 zai fita da kilo 600 ko fiye. Lissafin da suke bi shi ne ya ƙara wajen kilo ɗaya da rabi a rana, kuma kowane kilo ɗaya na ƙiba ya ci kusan kilo shida na busasshen abinci. Idan shinge ya kauce wa wannan lissafi, a cikin mako za a gani a takarda.

Abincin masara ce da aka turara aka murje, da dusar da ke fitowa daga masana'antar man itanol, da ɗanyen karan masara da aka daddatsa aka tsima a rami, da busasshiyar ciyawar alfalfa. Ba a ɗora wa baƙon sa hatsi farat ɗaya. Kusan mako uku ake yi ana rage ciyawa ana ƙara masara. In aka yi gaggawa tumbinsa zai yi tsami, ya daina ci, ya kama zawo, daga baya ƙurji ya fito masa a hanta ko kofato ya kama ciwo. Duk wanda ya taɓa cika wa ragon layya dawa ya wayi gari cikinsa a kumbure ya san wannan cuta. Kowace safiya kuma akwai mahaya dawaki da ke ratsa shinge ɗaya bayan ɗaya suna neman mai tari, ko mai majina, ko wanda ya saki kunne ya koma gefe, don ciwon huhu shi ya fi kashe shanun da suka sha doguwar tafiya a mota.

Duk wannan a rubuce yake, kuma shi ne gadon da mamacin ya bari. Tun yana da ƙarfinsa ya mayar da dukiyar hannun jari, kowane ɗa da kasonsa. 'Yarsa ke riƙe da lissafi, ɗansa ke sayen 'yan maruƙa, jikoki kuwa tun suna makaranta kowa da ɗan bijimin da yake turkewa don gasar shekara.

Falkenmu na Kano bai gaza shi sanin saniya ba ko kaɗan. Mutumin da zai tsaya a karar Wudil ranar Juma'a, ya dafa ƙugun sa, ya duba tozo, ya faɗi kuɗin da zai yi a Legas bayan an cire la'ada da kuɗin tirela da abin da za a bari a hanya, ba ya bukatar wani ya koya masa sana'a. Ya san abin da Maigatari ta yi ranar Alhamis kafin ya shiga Dambatta ranar Lahadi. Amma sikelinsa idonsa ne, littafinsa kuma kansa. Mahauta goma sun karɓi shanu a kan za su biya in sun sayar, dillalai biyar suna riƙe da kuɗinsa, akwai garke a hannun makiyayi a daji, akwai tirela biyu a hanya. Ran da aka ce ya rasu, wa ya san adadin? Bayan sadakar arba'in mai tsoron Allah zai kawo abin da ke wurinsa, wani ya ce ai tun kafin azumi ya biya Alhaji. Magada su matsa a raba, a kai shanun kasuwa a lokacin da ba su yi ba, yaran gida su watse, kowa ya nemi sabon ubangida.

Ban ce komai na nan Amurka abin koyi ba ne. Kamfanoni huɗu, JBS da Tyson da Cargill da National Beef, su ke yanka mafi yawan shanun turke a Amurka, mai kiwo ba shi da kasuwanni da yawa da zai zaɓa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala da ake noman masarar da shi yana ja baya. Jana'izar kanta awa ɗaya ce aka tashi, kowa ya shiga motarsa. A Fagge ko Ƙoƙi da mutum irin wannan ya rasu, da layin ya toshe kwana uku, da an ga mutanen da ya aurar, da waɗanda ya ba jari, da waɗanda ya biya wa Makka. Wannan arziki ne da ba su da shi a nan, kuma ina kewarsa. Sai dai waɗannan mutanen su ne farkon waɗanda ke shiga wahala idan harkar ta ruguje.

Wasu za su ce rabon gado ne ke kashe sana'a. Shari'a ta ce a biya bashi, a zartar da wasiyya, kowa ya san kasonsa. Ba ta hana magada barin kason nasu a haɗe su ci gaba da juya shi ba idan sun yarda. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, kamfanin da ke ɗauke da sunansa bai bi shi kabari ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. A kara kuwa har yau in ka ce wa mahauci ya sa hannu a takarda, sai ya ce ka zarge shi.

Littafin da ake bukata bai wuce na ɗan firamare ba: ranar da aka sayi sa, kasuwar, kuɗinsa, buhun dusa da kowar wake da harawar da ya ci, ranar da aka sayar, wanda ya karɓa, abin da ya biya, abin da ya saura. Ɗan da ya gama sakandare zai iya riƙe shi, kuma a nan ne zai koyi sana'ar ubansa tun uban yana da rai.