Neman masauki a Zanzibar ya ishe ni

Sati uku ke nan ni da uwargida muna ja-in-ja kan inda za mu sauka a Zanzibar, ko tikiti ba mu yanka ba. Ita Nungwi take so, can arewacin tsibirin. Ni kuwa na ga ɗaki mai sauƙin kuɗi a Paje, sai ta ce a can in teku ya janye, sai ka taka kamar daga Kawo zuwa Unguwar Rimi kafin ka taɓa ruwa. Ta yi ƙari, amma da gaskiyarta.

Masu otal ɗin ma sun fi ƙona min rai. Kowa "bakin teku" yake rubutawa, ka duba taswira, ashe sai ka hau babur! Ga farashi da dala. Yanzu kuma wai ƙanwarta za ta bi mu.