Gitar da za ta zauna a Damagaram, a hunturu ake rufe cikinta

A nan Faransa, duk mai haɗa gita a gida yana da ɗan agogon auna laimar iska rataye a bango. Ba ya shafa gam sai allura ta tsaya tsakanin 45 da 50 cikin ɗari. Haka littattafansu suka ce, haka ake koyarwa, kuma ga ƙasarsu daidai ne. Amma ɗan'uwa da ke unguwar Birni ko Zango a Damagaram, in ya ɗauki wannan lissafi ya bi shi ido rufe, to ya haɗa gitar da za ta tsage a huntururta na farko. Ni a ganina wannan ne babban kuskuren da ake kwasowa daga bidiyon Turawa, ya fi kuskuren katako ko na fenti.

Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake yi, ba ta tsawo ba. Fuskar gita faɗinta ya kai santimita 37, kaurinta milimita 2.5 zuwa 3 kacal. A cikinta an manna sanduna kamar haƙarƙari, wasunsu a gicciye, su kuwa ba sa tsukewa ta tsawonsu. In an manna su a watan Agusta, iska na jiƙe, sai Janairu ya zo laima ta faɗi ƙasa da 20 cikin ɗari, fuskar za ta nemi raguwa da milimita 2 ko 3, sandunan su hana ta. Abin da ke biyo baya sananne ne: fuska ta lotsa, tsirkiya ta kwanta tana zuza a kan ƙarafuna, bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar yatsa, daga nan tsaga ta buɗe daga jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska, zuwa gindi. In kuwa an rufe cikin a bushe, damina ta zo, fuskar kumbura kawai za ta yi, tsirkiya ta ɗan tashi, sauti ya ɗan dushe, in iska ta juya ta koma yadda take. Kumburi yana warkewa da kansa, tsaga sai an yi mata aiki. Don haka a manna haƙarƙari, a rufe fuska da baya tsakanin Disamba da Maris, a bar wuya da sauran sassaƙa ga damina. A kuma yi wa fuskar ɗan doro tun farko, a sassaƙa gindin sandunan da ɗan lanƙwasa, yadda in an ɗora ma'auni miƙaƙƙe a faɗinta tsakiya za ta fi gefe tashi da kamar milimita 2. Wannan doron shi ne ajiyar da hunturu zai ci.

Masu haɗa gurmi da garaya sun san wannan tun kaka da kakanni, ta wata fuska. Fata tana saki da damina, a kai ta rana ko kusa da wuta ta ɗaure. Sai dai fata tana da haƙuri, katakon da aka fere ya kai kaurin kwali ba shi da shi.

Batun itace kuwa, mu ke da abin da wasu ke saye da tsada. Maɗaci dangin mahogani ne, irin wanda masana'antu ke yin wuya da baya da gefe da shi. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, tana da taurin da ya isa allon wuya da jaki. Ƙashin raƙumi ko na sa daga mahauta, in an dafa shi an fitar da maiƙo sarai an shanya, ya fi robar da tsirkiya ke hawa a jaki da kan wuya a gitocin kasuwa. In maiƙon bai fita ba zai tsattsafo ya ɓata gam. Gawo a bar shi a gona inda yake da amfani, ƙwaro na cinsa. Sharaɗin duka ɗaya ne, a tsaga allon ta yadda layin shekarun itacen ya tsaya a tsaye in an dubi bakinsa, a jera shi a inuwa da ƴan sanduna tsakani, ya ga hunturu aƙalla biyu.

Fuska ce ba mu da ita. Itacen da ake so mai sauƙi ne mai ƙarfi, wanda Faransawa ke kira épicéa, na ƙasashen sanyi. A 1862 Antonio de Torres na Sifen ya haɗa gita da baya da gefe na kwali don ya nuna fuska ce ke magana. To in kuɗi kaɗan ne, a zuba su a nan, allo biyu ne sirara, suna shiga akwatin matafiyi. In bai samu ba, a yi fuskar da maɗacin ma, a rage kaurinta kaɗan. Muryar za ta fi kauri, ba za ta kai nesa ba, amma gita ce.

Gefe ana fere shi zuwa milimita 2, a yayyafa ruwa, a lanƙwasa a kan bututun ƙarfe mai zafi. A nan na lantarki suke saye. Bututu da garwashin gawayi a ciki yana yin aikin, alamar zafi ya isa ita ce ɗigon ruwa ya yi rawa a kai kafin ya ɓace. Mai gaggawa shi ke karya allo a ƙugu.

Gam ma a dube shi da idon gida. Farin kol na kafintoci yana laushi in zafi ya yi yawa, ga tsirkiya tana ja dare da rana: ta nailan kusan kilo 40, ta ƙarfe sama da kilo 70. Gita a cikin mota ko ɗakin kwano a watan Afrilu, jaki zai fara ɗagawa ta baya. Gam na fata, wanda ake jiƙawa a narka cikin ruwan zafi na digiri 60, ba ya jan jiki haka, kuma in gyara ya taso ana buɗe shi da ɗumi da laima. Turawa na kuka da shi don yana daskarewa cikin minti guda a ɗakunansu masu sanyi, har sai sun ɗumama katako. Mu zafi ya ba mu lokaci kyauta. Illarsa, narkakken yana ruɓewa da wuri, a dama na yini ɗaya kawai. Garin da ke da majema da dukawa bai kamata a ce wannan gam baƙo ne a cikinsa ba. Wanda ya fara koyo kuma, ya fara da nailan.

Wurin da ba a yi wa wayo shi ne awon ƙarafunan wuya. Gurmi ba shi da su, yatsa da kunne ke neman murya. Gita kuwa lissafi ce. In tsawon tsirkiya milimita 650 ne, a raba da 17.817, ƙarfen farko ya zauna a milimita 36.5. A cire wannan daga 650, a sake raba abin da ya rage, ana tara sakamakon, haka har ƙarshe. Na 12 dole ya faɗo a 325, in bai faɗo ba an yi kuskure a hanya. Kowane awo a ɗauke shi daga kan wuya, kada a auna daga ƙarfe zuwa ƙarfe, don kuskure yana taruwa. Ƙashin jaki a ja shi baya da kamar milimita 2, saboda danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri.

Sai shafe. Kafintan gida ya saba da labta wa gado da kabad fenti mai kauri yana walƙiya, mai saye ma haka yake so. A gita wannan shaƙe murya ne. Abin da ya dace shi ne shalak, ɓawon da ake narkawa cikin alkol: giram 12 zuwa 20 a mililita 100. A goge katako da takardar yashi daga lamba 120 zuwa 320, a cike ramukan maɗaci, a rufe gurbin jaki da salatif don gam ba ya kama fenti. A ƙunsa auduga cikin tsohon farin ƙyalle, a ɗiga shalak, a riƙa zagayawa ba tsayawa, da ɗigon mai ɗaya in ƙyallen ya fara kamewa. Inda hannu ya tsaya, nan tabo yake. A bushewar Damagaram alkol na tashi nan da nan, don haka a tsinka shi fiye da yadda Turawa ke yi, a yi aikin da sassafe, a yayyafa wa daɓe ruwa, a rufe taga saboda ƙura. Fesa fenti da tsakar rana kuwa, yana bushewa kafin ya sauka, fuskar ta fito kamar ɓawon lemo. Bayan shafe na ƙarshe a rataye ta mako biyu kafin a manna jaki a ɗaura tsirkiya.