Ku bar ɗalibai su ji Lumumba kafin ku ba su tiyori

Wallahi abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru ana koya wa ɗaliban sadarwa tambayoyi biyar ɗin nan na masanin sadarwa Lasswell na 1948, wa ya yi magana, me ya ce, ta wace kafa, ga wa, da wane tasiri, yaro ya haddace su tsaf ya juye a jarrabawa ya fito, gobe ɗan siyasa ya hau mumbari ya yi wasa da hankalinsa bai ma san an yi ba.

Ni dai na daina fara darasi da handawut. Jawabin Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, nake kunna musu, na 30 ga Yuni 1960 ranar da Kwango ta samu 'yanci, in raba musu fassara. Kafin shi Sarki Baudouin na Beljiyam ya tashi ya yi ta yabon Leopold II, tsohon sarkin Beljiyam da ya mallake Kwango, shi kuma Lumumba ba ya ma cikin jerin masu jawabi, amma ya je gaban makirfo, bai fara da gaida sarki ba, 'yan Kwango maza da mata ya kira, sannan ya shiga lissafo zagi da duka da aikin tilas da suka sha. Sai in tsayar da sautin in ce to da wa mutumin nan yake magana? Ran nan aji ya yi tsit, can wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce Malam ai ba da manyan da ke zauren yake ba, da masu sauraron rediyo yake. Kafa da masu sauraro kenan fa, da kanta ta gano, ban rubuta komai a allo ba tukuna.

Daga nan bayanin masanin nan Stuart Hall ya zo da sauƙi, shi da ya nuna a 1973 cewa saƙo ɗaya kowa da yadda yake kwance shi. Turawan Beljiyam cin fuska suka ji, 'yan ƙasa kuwa tafi suka yi ta yi. Maganar tasiri ita ce ke cinye mana lokaci, don an kashe Lumumba 17 ga Janairu 1961, sai gardama ta kaure kan ko jawabin na da hannu ko lamarin ya fi haka zurfi, kuma ina barinsu su yi ta.

Masu cewa siyasa za ta raba aji na ji ku, shi ya sa nake farawa da tsohon jawabi na nesa, sai kunnensu ya buɗe nake kawo na ɗan takarar da suke so.