Ku daina ce wa Matilde butulu, sayar da ita aka yi

Tun daren jiya raina a ɓace yake, na kwanta da abin na tashi da shi. Kun dai ga hoton da aka saka a zaurenmu na masu kallon Amor Real, shirin talabijin na soyayya daga Meziko: Matilde, jarumar labarin, cikin rigar amarya, an rubuta a ƙasa wai "butulu, an rufa wa gidanku asiri kin saka da cin amana." Wadda ta saka ba ta dame ni ba, kowa da irin fahimtarsa. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda mata 'yan uwana suka yi layi a ƙasa suna cewa wallahi gaskiya ne, har wata tana cewa da ita ce Manuel, mijin Matilde, da tun a daren ta tattara mata kayanta. Na fara ba da amsa a can na ga wurin ba zai ɗauke ni ba, shi ya sa na dawo shafina.

Matilde ba butulu ba ce. Sayar da ita aka yi.

Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya karɓa da hannu biyu, daga baya ya juya baya. To ku faɗa min, wane alheri ne ya shiga hannun Matilde? Kuɗin da Manuel Fuentes Guerra ya zuba a gidan Peñalver, wato gidan su Matilde, aljihun wa suka shiga? Bashin gida aka biya, gidan da uwarta Augusta ta fi son ya ruguje a kansu da a ce a garin Trinidad an gane sun talauce. Ramin da yayanta Humberto ya haƙa a teburin caca aka cike. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, amma a gidan nan uwa da ɗa suka ci ladan suka miƙa wa yarinya askar. Ita ce kuɗin da aka biya bashin da su. Ta yaya abin da aka biya bashi da shi zai zama butulu?

Kuma kuna magana kamar kun manta yadda aka kai ga auren. Yarinyar nan tana da wanda take so, Adolfo Solís, soja ne, ba shi da ko sisi sai albashinsa da mutuncinsa. Augusta da Humberto ba su tsaya a hana shi zuwa zance ba. Ƙulla masa sharri suka yi aka jefa shi kurkuku, sannan suka zo suka sa ta yarda cewa yana da mata har da 'ya'ya, yaudararta yake yi tun farko. Ku ɗan tsaya a nan. Uwar da ta haife ta da wanda suka sha nono ɗaya, su ne suka zauna suka tsara yadda za a karya mata zuciya don ta yi laushi a iya lanƙwasa ta. Bayan ta gama kuka sai aka ɗora mata maganar bashi, da martabar mahaifinta Janar Hilario, dattijon da take ƙauna kamar ranta. Wannan "na amince" da ta faɗa a gaban limamin coci, amincewar wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya ce. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mu mata ne muka fi kowa ɗaga sandar.

Na san abin da za ku ce, an riga an faɗa a zauren ya fi a ƙirga: ai ta shirya guduwa da Adolfo bayan an ɗaura aure. Eh, ta shirya. Ban ce ta kyauta ba, aure ya ɗauru, kuma ni ba zan taɓa yaba wa matar aure da ta nufi ƙofa da wani namiji ba. Amma a wane lokaci ta shirya? A lokacin da mutumin da aka ce mata maƙaryaci ne ya tsero daga kurkuku ya tsaya a gabanta ya warware mata komai, ta gane duk abin da aka gina auren a kansa ƙarya ce tsagwaronta. Yarinya ce da duniya ta kife mata cikin yini ɗaya. Ku kira abin ruɗewa, ku kira shi kuskure, ku kira shi wauta in kun so. Butulci dai ba sunansa ba ne.

Sai masu cewa ai Manuel yana sonta tsakani da Allah. Yana sonta, wa ya musa? Ni ma ina son Manuel, kada wani ya zo ya ce na tsane shi. Mutum ne da ya tashi ana nuna shi da baki ana cewa ɗan gaba da fatiha, limamin coci Padre Urbano ne ya raine shi, ya yi karatu ya zama likita, sai dab da mutuwa uban ya amsa cewa ɗansa ne ya bar masa dukiya. Irin wannan mutum kullum a tsorace yake cewa dukiyarsa ake so ba shi ba, kuma abin da yake tsoron shi ya same shi. Na tausaya masa har na yi hawaye. Amma so ba ya wanke ciniki. Ya san gidan na cikin bashi, ya san shi ya biya, ya kuma san uwar yarinyar ta fi yarinyar zumuɗin auren. Mutum mai kaifin hankali irinsa, likita guda, bai taɓa tambayar kansa dalili ba? Da abin ya fashe kuma me ya yi? Ya fizge ta daga cikin danginta ya tafi da ita gonarsa ta San Cayetano da ƙarfi, kamar wanda ya zo ɗaukar kayan da ya biya. Daga baya da ya gano cewa Felipe Santamaría, mai kula masa da gona wanda ya mayar aboki, shi ne Adolfo da sunan aro, sai ya ɗora zargi a kan cikin da take ɗauke da shi, alhali a lokacin ta riga ta ba shi zuciyarta gaba ɗaya. Wannan duk kun yafe masa cikin minti biyar. Ita kuma kuskuren yini ɗaya kun riƙe shi har kashi na 95, na ƙarshen shirin.

Bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Kyan Fernando Colunga, wanda ya fito a matsayin Manuel, ne ya rufe mana ido. Da mai shirya shirin, Carla Estrada, ta ɗauko wani tsoho mai tumbi da sanƙo ta ba shi matsayin Manuel, ya faɗi kalmomin nan dai, ya yi ayyukan nan dai, ba a canza ko harafi ɗaya ba, wallahi da duk zauren nan yana addu'ar Allah ya kuɓutar da Matilde. Da har an buɗe mata gidauniyar kuɗin mota. Amma da yake dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana hawa doki gashi na kaɗawa, sai auren dole ya koma soyayya a idonmu, wadda aka yi wa dolen kuma ta koma mara godiyar Allah.

Wata kuma ta rubuta wai in ba ta so me ya hana ta neman saki. Haba baiwar Allah. Labarin nan a Meziko yake, a tsakiyar ƙarni na 19. A lokacin coci ce ke riƙe da aure, kuma cocin Katolika ba ta san saki ba. Ko da gwamnatin Benito Juárez ta kafa dokar auren hukuma a 1859, dokar cewa ta yi aure ba ya warwaruwa, iyakaci a raba muku wurin zama amma babu mai sake yin wani auren muddin ɗayan yana raye. Sai a ƙarshen 1914, zamanin Venustiano Carranza, aka halatta sakin da ke ba mutum damar sake aure. Wato ranar da Matilde ta shiga cocin nan an rufe ƙofa an jefa makullin a rijiya. Babu khul'i, babu alƙalin da za ta kai wa kuka, babu yaji zuwa gidan kawu a zauna a sasanta. Mu da muka taso muna jin labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) ya warware auren, mu ne ya kamata mu fi kowa gane girman abin da aka yi wa yarinyar nan. Sai ga shi mu ne ke tafa wa Augusta ba mu sani ba.

Da Goggona nake kallon wasu kashin. Ba ta jin Sifaniyanci, ba ta karanta fassarar da ke bi ta ƙasa, ni nake mayar mata da Hausa, wayar na jingine da fulas, ita tana tsintar wake a faranti. Ranar da muka zo wurin ɗaurin auren ban ma kai ga fassara komai ba. Ta dubi fuskar Adela Noriega, wadda ta fito a matsayin Matilde, ta ajiye farantin a tabarma ta ce, "'Yar nan, wannan yarinyar ba ta wurin, gangar jikinta kawai suka kawo." Sai ta yi shiru. Na ce Goggo lafiya? Ta ce babu komai, in ci gaba. Ba ta ƙara taɓa waken ba har aka gama, ni kuma ban sake tambaya ba, don a gidanmu kowa ya san yadda aka yi aurenta na fari, ba a dai magana ne. Tsohuwar da ba ta san a wace nahiya Meziko take ba ta gane abin da masu digiri a zaurenmu suka kasa ganewa.

Ko a cikin shirin ma ku duba wa ya fara fahimtar Matilde a San Cayetano. Rosario ce, matar da ke aiki a gidan kamar baiwa, tana kallon maigidan tana sanin ɗan cikinta ne amma kunya da tsoro sun hana ta buɗe baki. Uban Manuel ya yi mata fin ƙarfi tana yarinya ya watsar da ita. Ita ta san yadda ake ji idan masu ƙarfi suka yanke hukunci a kan jikinka da rayuwarka ba a tambaye ka ba, shi ya sa ba ta taɓa kallon Matilde a matsayin butulu ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Duk lokacin da Ana Martín, wadda ta fito a matsayin Rosario, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tire tana satar kallon ɗanta, sai na dakatar da bidiyon na share ido. Idan uwar Manuel da kanta ta iya buɗe wa Matilde hannu, ke wace ce da za ki fi ta kishinsa?

Kuma don Allah a bar min maganar "ai daga baya ta so shi, ashe uwar ta yi daidai." Don yarinya ta yi haƙuri ta samo alheri a inda aka jefa ta, wannan darajarta ce, da ta Manuel da ya koyi sauke girman kai. Augusta ba ta da lada ko ƙwaya ɗaya a ciki. Da wani azzalumin attajirin ne ya zo da jakar kuɗi kafin Manuel, shi za ta ba, ba tare da ta yi ko ɗar ba. Sayarwa ta yi, sa'a ce kawai ta sa mai sayen yana da zuciya.

Tunda ma na ambaci Humberto, akwai wadda ban taɓa ganin an saka hotonta a zauren nan ba, Josefina. Ita ma don kuɗinta ya lallaɓe ta, ana yi mata dariya wai ba ta da kyau kuma ta tsufa a gida, ita kuwa ta riƙe shi da zuciya ɗaya har ya fara jin kunyar kansa. Mariana Levy ce ta fito a matsayin, kuma shekara biyu kacal bayan shirin, a watan Afrilun 2005, zuciyarta ta buga a birnin Meziko saboda firgitar 'yan fashi, tana da shekara 39. Tun da na san haka, duk wurin da Josefina ta yi wannan murmushin nata na mai neman a so ta, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Wanda yake da kashin da ta fara gyara gashinta ta canza shiga, mai fassarar da ke fita sosai, don Allah ya turo min ta akwatin saƙo, nawa ya goge lokacin da na canza waya kuma Goggo ta ce shi take so mu sake kallo ranar Juma'a.