Mu da muke wuni a Abuja mu kwana a Nasarawa

Duk wanda ya ce maka yana zaune a Abuja, tambaye shi a ina yake kwana. Da yawanmu amsar ita ce Mararaba ko Ado ko One Man Village ko Masaka, kuma duk cikinsu babu Abuja ko ɗaya, jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar Karu. Da ka wuce Nyanya ka fita daga hannun ministan Abuja ka faɗa hannun gwamnan da ke can Lafiya, to daga nan matsalarmu ta faro, mun zama kamar ɗan da iyayensa suka rabu, uwa ta ce je wajen ubanka uba ya ce koma wajen uwarka.

Ba son wahala ne ya kawo mutane nan ba fa. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja a 1991 hayar cikin gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sannan zamanin da El-Rufa'i yake minista daga 2003 zuwa 2007 aka yi ta rusau, a 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni, jama'a suka kwaso komatsansu suka yo nan. Masinja, direba, maigadi, malamar asibiti, ɗan sanda, mai gyaran waya a kasuwar Wuse, duk nan suke kwana.

Kuma dukkanmu titi ɗaya muke bi, titin Keffi. Ana sallame sallar asuba ka ga mutane sun yi dafifi a bakin hanya kowa da jakarsa, mota na rage gudu a yi kanta a guje, mutum huɗu a baya biyu a gaba, cinyarka kan giya direba na canzawa yana ba ka haƙuri. Tafiyar da ranar Lahadi ba ta kai ka rabin awa, ranar Litinin sai ka share awa biyu kafin ka haura Kugbo ka ga mahaɗar AYA ta shiga cikin garin Abuja, idan kuma tirela ta lalace a hawan nan to kawai ka kira oga ka ce yallaɓai sai dai a yi haƙuri yau. Waɗanda suke nan lokacin da bam ya tashi a tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014 sun san yadda shingen sojoji ya mai da hanyar nan, har da ƙafa mutane suka riƙa takawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, hatta babban ma'aikaci mai motar kansa sai ya tsaya ya ɗebi fasinja ya haɗa kuɗin mai, ba wanda ke jin kunya kuma.

Shi ya sa idan ejan ya ce maka haya a nan da arha nake dariya. Eh da arha a takarda. Amma ka lissafa kuɗin mota na wata, ka lissafa ruwa, don yawancin layuka ba famfo sai mai ruwa da kurarsa, ranar da ba wuta kuma kuɗin jarka ya tashi saboda mai bohol da janareto ya buga. Transfoma ta ƙone a bi gida gida karo-karo. Filaye an yanka su ba tsari, wani ya gina har kan hanyar ruwa, damina na sauka layi ya zama kogi, ɗan acaɓa ya ce shi iyakarsa bakin kwalta.

Wanda ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne wallahi, yaran ne. Ka fita suna barci ka dawo bayan isha'i suna gyangyaɗi, uwarsu ce ke fama da makarantar boko da islamiyya da zazzaɓi, kai sai Asabar za ka ji wai ƙaramin ya fara magana.

Kar a ce ban faɗi alherin wurin ba. Akwai rai a nan fiye da Maitama inda ba ka san sunan maƙwabcinka ba. Ka shiga Orange Market da safe ka ga tumatir da albasa da tattasai ana saukewa daga mota, matan Asokoro ma nan suke aiko direba. Da dare ga mai shayi ga mai tsire, Bagware mai gari da Tibi da Ibo da Bahaushe benci ɗaya ana musun ƙwallo, in an yi maka haihuwa ko rasuwa layi guda zai fito.

Amma zumunci ba ya gina kwalbati. An yi jirgin ƙasa na cikin Abuja a 2018, ya nufi filin jirgi da ɓangaren Kubwa, mu da muke cika ofisoshin garin kullum ko layin dogo ba mu gani ba. Abuja ta ce ba ƙasarta ba ce, Lafiya kuma ta yi nisa.

Mu ma da namu laifin dai. Mutum ya shekara goma sha a Masaka amma katin zaɓensa na Katsina ne ko Otukpo, zaɓe na zuwa ya hau mota ya tafi gida, to kansilan nan don me zai gyara maka kwata alhali ya san ba ka da ƙuri'a a akwatinsa? Hukumar zaɓe tana ba da damar mutum ya dawo da rajistarsa inda yake zaune, dan Allah in an buɗe a wannan karon mu je mu yi, mu ga ko ɗan takara zai ci gaba da tsayawa a bakin kwalta ya ɗaga mana hannu ya wuce.