Yadda Na Sauko Daga Dutsen Tubkal Tare da Tukwanen Gas

Sarin jallabiyoyi da takalman fata ne ya kai ni Maroko, amma ƙanena da ke karatu a Fas ya ce tunda yana hutu, mu leƙa Dutsen Tubkal, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Na ce masa wanda ya tashi a gindin Dala, ya yi guje-guje a Goron Dutse, ba a yi masa barazana da dutse. Ya ce, "To Yaya, Allah Ya kai mu," yana wani murmushi da bai yi min ba.

Daga Marrakesh mota ta sauke mu a Imlil, ƙauyen Amazigawa mai gonakin tuffa, wanda shi kansa ya haura mita 1,700. Tun 2018 ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, jandarmomi ma sai sun duba fasfo. Namu wani siririn dattijo ne. Ya dubi kaftanina, ya dubi takalmina sau-ciki, bai ce uffan ba ya ja ni shagon da ake ba da hayar manyan takalma da rigar sanyi. Ya ce a ɗora jakata a kan alfadari. Na ce a bar min kayana, da ƙarfina.

Da farko abin gwanin daɗi. Ga rafi, ga masu matse lemon zaƙi a bakin hanya suna sanyaya kwalabe da ruwan dutse. Ni ne ma a gaba. Can muka iso wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, na gyara hula, na ɗaga yatsa biyu, na ɗauke shi hoto har da jingina kai. Sai da na gama dattijon ya ce, "Alhaji, nan ne Sidi Shamharush. Mutanenmu na cewa sarkin aljanu ne, nan ake kawo waɗanda aka shafa."

Jama'a, ni da na taso da labarin birnin Jangare a bakin kakata! Ayatul Kursiyyu kuwa ta sha karatu.

Ba mu yi nisa ba kaina ya fara sara. Zuciya na tashi, ƙafafu sun ƙi ɗaguwa, numfashi sai ka ce na tura mota daga Kurmi zuwa Sabon Gari. Na ce wa ƙanena shi ke nan, an kama ni, hoton nan ne. Ya ce, "Haba Yaya, ciwon tsauni ne. Da an wuce mita 2,500 yake kama mutane, oksijin ɗin da ake shaƙa ne yake raguwa. Kanon da ka baro fa ba ta kai mita 500 ba." Na ce ɗan boko, yi min shiru. Jakar dai ban san lokacin da ta koma bayan alfadari ba. A haka wata tsohuwar Baturiya, wadda a haife ta haife ni, ta wuce ni da sandunanta biyu, har da juyowa ta ɗaga min babban yatsa.

Da yamma muka isa masaukin mahawa, wajen mita 3,200. Aka kawo tajin, wato dahuwarsu ta cikin kasko, na naman rago yana turiri, na kawar da kai. Nan fa hankalin ƙanena ya tashi, don tunda yake bai taɓa ganin na juya wa nama baya ba. Ruwan alwala kuwa, ina zuba shi a hannu na fara tuno hukuncin taimama. Barci babu, ga gadaje hawa-hawa, ga minsharin ƙasashe daban-daban.

Tun kafin asuba aka ɗaura mana fitila a goshi. Dattijon na ta faɗin "shuwayya, shuwayya," wato a hankali, ni kuwa in na yi taku kaɗan sai in nemi dutse in zauna, wai ina kallon taurari. Ya haska fuskata, ya ce wannan ciwon maganinsa ɗaya ne, a sauka. Ya haɗa ƙanena da wani ayari suka yi sama, ni kuma da gari ya waye aka ɗora ni a kan alfadarin da ke mayar da tukwanen gas da suka ƙare. Tukunya a dama, tukunya a hagu, Alhaji a tsakiya, muna tafe muna ƙwalam-ƙwalam, masu hawowa na matsa mana hanya. Dabbar nan kuma ba ta da wurin bi sai bakin rami.

Muna isowa farin dutsen na zaro waya na goge hoton, na ce a yi haƙuri, baƙunta ce. Wallahi kafin mu kai Imlil kai ya saki, yunwa ta dawo, na tashi da tajin na mutum biyu. Ƙanena da ya sauko ya ce saukowar ce ta warkar da ni. Na ce ya je ya faɗa wa malamansa na Fas.

Da na zo biyan mai alfadari na tambaye shi nawa ne kuɗin fasinja. Ya kewaye ni da ido, ya ɗan jijjiga tukunya ɗaya kamar mai awo, ya ce shi fasinja bai ɗauko ba, in biya kuɗin kaya.